Ranar da Na Auna Zuciyar Baffa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka ɗauko ni a babur daga Karaye zuwa Ruwan Bago don in duba zuciyar Baffa. Ni ba likita ba ne, ko allura ban taɓa yi wa kowa ba. Lissafi nake karantawa a jami'a a Kano, ƙarshen shekarun casa'in, kuma aikina na shekarar ƙarshe shi ne taya wani malaminmu kwaikwayon zuciyar mutum a kwamfuta. Mun raba ɗakin sama na zuciya gida-gida kamar filin dara, kowane gida yana miƙa wa na kusa da shi wutar da ke sa zuciya ta buga. In lafiya ake, wutar tana wucewa a jere. In ta tsinke, sai ta dinga kewaye a wuri ɗaya, bugun ya rikice, nan sauri nan jinkiri. Shekara guda ina kallon wannan a allo, kuma duk hutun da na zo gida sai na tabbatar kowa ya sani (har mai shayin tasha ya sha bayani).

Ashe labari ya kai ƙauye cewa ɗan wane ya zama likitan zuciya. Na ji, ban ƙaryata ba.

Baffa yayan mahaifina ne, manomi kuma makiyayi mai kunya, wanda faɗin ba shi da lafiya ya fi masa ciwon zafi. Ya yi watanni yana haki in ya taka daga gona zuwa gida, ƙirjinsa yana kaɗawa. Goggo, matarsa, ta yi ta fama da shi ya je asibiti a Kano, ya ƙi. Daga ƙarshe suka daidaita a kaina: in na duba na ce akwai ciwo zai tafi, in na ce babu a ƙyale shi ya yi girbinsa.

Na isa da biro biyu a aljihu da doguwar takardar da kwamfuta ta buga, cike da lambobi. Zaure ya cika da dattawa. Bayan an gama gaisuwa na shimfiɗa takardar a kan tabarma, na yi bayani kusan rabin awa. Na ce wutar zuciya kamar shanu ce za su mashaya, in na gaba ya ruɗe sai garken ya yi ta juyawa a wuri ɗaya. Dattawa suna gyaɗa kai suna faɗin ikon Allah. Mutum ɗaya ne bai gyaɗa ba, Malam Sule, tsohon dispensa mai ba da magani a asibiti da ya yi ritaya, yana zaune a bakin ƙofa.

Da na gama, Baffa ya miƙo hannu ya ce, "To, likita, bismilla."

A nan na tuna ban taɓa riƙe hannun mai rai don jin bugu ba. Duk zuciyoyin da na sani a faifan kwamfuta suke (kuma faifan ma na malam ne). Amma an riga an shiga ruwa. Na durƙusa, na danna babban yatsana a wuyan hannunsa, na zuba wa agogona ido kamar yadda na ga ana yi. Sai kuwa na ji bugu, mai ƙarfi, ɗaya bin ɗaya, ba gardama. Na ɗago na sanar cewa zuciyar Baffa lafiya lau take, sai dai tana ɗan sauri.

Baffa ya jawo takalmansa zai koma gona. Daga bayan katanga na ji Goggo ta yi salati.

Malam Sule ya yi gyaran murya, ya nemi izini, ya matso. Ya ɗora yatsu uku a inda na taɓa, ya rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ya kama yatsuna ya ɗora a wurin, ya ce in saurara. Abin da na ji bai da tsari ko kaɗan: biyu da sauri, shiru, uku, shiru. Ciwon da na shekara ina zanawa ne, ga shi a ƙarƙashin yatsuna.

A hankali ya ce, "Ɗana, ba a ji da babban yatsa. Yana da nasa bugun. Naka ka ƙirga."

Da ƙasa za ta tsage da na shige, da takardata. Baffa ya dube ni, fuskarsa ba alamar dariya, ya ce, "Alhamdu lillahi. Mun dai tabbatar taka lafiya lau take."

Ya ajiye takalman. Washegari muka shiga motar Kano, ni na riƙe masa jaka. Likitocin gaske suka tabbatar da maganar Malam Sule, suka ɗora shi a kan magani, ya ƙara shekaru masu yawa yana ba da wannan labari a duk taron suna.

Tun daga ranar, in na auna abu ya fito daidai yadda nake so, sai in fara duba ko kaina na auna.