Rasuwar Rina, Motar da Aka Ƙi Ɗagawa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Malama Afra'u Tahir, mazauniyar Lafia, mai koyar da fiziks a wata sakandaren 'yan mata da ke Obi, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarta, Rina. Babban yayanta, Alhaji Kyari, ya aiko da umarnin kada ta kuskura ta fitar da wannan sanarwa, wai abin kunya ne 'yar gidan mutunci ta yi wa ƙarfe makoki a bainar jama'a. Malama ta saurari saƙon da ladabi, ta ce a gaishe shi, ta kuma ƙi.

Marigayiyar ja ce, ƙarama, mai ƙofa biyu, irin motocin nan da aka ƙera don gudu da shan kwana. An haife ta a Japan, ta yi ƙuruciyarta a wata ƙasar sanyi inda titi yake sumul kamar faranti, sannan ta iso Lafia a bayan tirela da shekarunta a ka. Malama ta raɗa mata Rina saboda siririn ƙugunta da kuma muryarta. Duk wanda ya zauna a layinsu ya san wannan murya: hurrr da sassafe, a hankali, kamar mai gyaran maƙogwaro, sannan ƙyat idan giya ta shiga, sai kuma wiiii idan ta samu miƙaƙƙen titi. Ba ta taɓa sa uwar ɗakinta ta roƙi maza su tura ta ba.

Ta iso da ciwon ƙafa. Shokarta huɗu, wato ƙarafan da ke shanye dukan hanya kafin ya kai ga jikin mota, duk sun mutu. Sifirin ɗinta, murɗaɗɗun ƙarafan da ke riƙe nauyinta, sun saki. Tana tafiya tana lilo kamar kwalekwale. Malama ta kai ta garejin bakanike Terungwa, shi kuma ya jera mata kaya a kan buhu.

"Anti, kala uku ne," in ji shi. "Wannan mai laushi, za ka zauna kamar kujeran falo, amma in ka shiga kwana mota zai kwanta gefe. Wannan mai tauri, zai kama ƙasa da kyau, amma bayanka zai sani. Na ukun nan na 'yan tsere ne. Shi kam ko kiyashi ka taka, haƙorinka zai ba ka labari."

Malama ta zaɓi na tsakiya, ta ce a sauke motar ƙasa kamar faɗin yatsa biyu. Ita ce ke koya wa 'yan mata a aji cewa abin da nauyinsa yake kusa da ƙasa ba ya saurin kifewa, ba za ta fita ƙofar makaranta ta ƙaryata kanta ba.

Ana cikin ɗaurawa Alhaji Kyari ya iso garejin. Ko kallon ƙanwarsa bai yi ba.

"Kai Terungwa, kwance waɗannan. Ka nemo sifirin ɗin a-kori-kura ka ɗaga min ita sama. Motar da ta shigo gidanmu ta gida ce. Za ta je gona a Awe ta ɗauko doya, ta je Keana ta ɗauko wa mahaifiyarmu Hajja gishiri, ta kai min yara makaranta."

"Yaya, ba za a ɗaga ta ba."

"Ke Afra'u, da ni kike?"

"Da kai nake, Yaya. Allah ya huci zuciyarka."

Alhaji ya sunkuya ya ɗauki sifanar taya, ya maka wa marigayiyar a tsakiyar bonet da duk ƙarfinsa. Gwam! Fenti ya tashi, ƙarfe ya lotsa, kowa a garejin ya ja baya ban da Malama. Wannan shi ne duka na farko da Rina ta sha a jihar Nasarawa, kuma daga hannun ɗan uwa ya fito. Ta ɗauki tabon har ƙarshen ranta, domin Malama ta hana a gyara.

Ya kamata jama'a su san abin da aka yi rigima a kansa. A gidan su Malama, duk abin da ta taɓa saya da guminta sai ya wayi gari ya zama na gida. Kwamfutarta ta zama ta gida, ta dawo mata babu allo. Janaretanta ya zama na gida, ya dawo a buhu. Amma motar da take ƙasa-ƙasa ba ta aruwa. Ƙarti uku suka shiga, cikinta zai shafi titi. Buhu ɗaya aka saka, ba za ta fita ƙofar gida ba. Malama ta san haka sarai ranar da ta zaɓa, kuma ba ta taɓa musun ta sani ba.

Saboda haka marigayiyar ta rayu da mutuncinta. Ba ta taɓa ɗaukar doya ba. Akuya ba ta taɓa yi mata fitsari a kujera ba. Ba a taɓa ganin ta a gangamin siyasa da samari a kan rufinta ba. Aikinta ɗaya ne, ta kai Malama Obi da safe, ta dawo da ita Lafia da yamma, kuma ta yi shi da gaskiya, rani da damina.

Sai dai hanya ba ta yafe musu ba ko sau ɗaya. Kowane rami ya tashi ya naushi Rina a ciki, ita kuma ta miƙa wa Malama rabin naushin a gadon baya. Gaf! Gaf-gaf! Ramuka sun fasa mata taya, sun lanƙwasa mata wili, sun fizge mata salansa har aka tsinto ta a kwata. Malama ta ciji harshenta ya yi jini ya fi a ƙirga. Akwai ranakun da za ta iso makaranta ta zauna a cikin mota tana jiran ƙugunta ya saki kafin ta iya fitowa, sannan ta gyara mayafi ta shiga aji a miƙe kamar ba abin da ya faru. Mahaifiyarta, Hajja, tana shafa mata man zafi tana cewa, "'Yar nan, wannan mota ce ko ƙiyayya?" Malama sai ta ce, "Hajja, danna can ƙasa kaɗan."

Manyan maƙiyan marigayiyar su ne kunyoyin titi. Mutanen ƙauyukan da ke bakin hanya, da suka gaji da direbobi masu kashe musu awaki da raunata musu yara, sun ɗauki doka a hannunsu, suna gitta tudun ƙasa a kan kwalta don a rage gudu. Malama ba ta ga laifinsu ba, tana da 'yan uwa ƙanana ita ma. Matsalar ita ce manoman doya ne. Hannun da ya saba tara tulin doya bai san ya tara ƙasa kaɗan ba. Da garma suke yi, da jar ƙasa, su tula, su dabe, su ƙara tulawa, wani lokaci su binne gungumen itace a ciki don kada tirela ta baje musu aiki. Kuma duk farkon damina, lokacin da ake tulin gona, sai a sabunta na titi, tunda garma tana hannu.

Rina ta koyi tsallake su a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, tana numfashi a hankali, cikinta yana kukan ƙurrrr a kan ƙasa. Manyan motoci suna danna mata hon a baya, 'yan okada suna wucewa suna dariya, mata masu sayar da mangwaro suna cewa ga mai tsohon ciki nan za ta haye. Ta jure duka. Da ta wuce, ta samu kwana mai faɗi, sai ta manne da kwalta ta sha shi ba tare da ko kofin shayin Malama ya zube ba, kuma a wannan lokacin babu wanda ke iya bin ta balle ya yi mata dariya.

Ajalinta ya zo da safe, bayan ruwan farko, a kan hanyar zuwa makaranta. Wata tifa cike da tsakuwa ta taho daga gangara, burkinta ya tsinke, ta bar hannunta ta shigo na Malama gaba da gaba. Direban ya buɗe ƙofa ya yi tsalle. A damar Malama mata ne zaune da tirensu a bakin titi, wasu da goyo. Babu wurin tsayawa. Ta murɗa sitiyari hagu da duk ƙarfin hannunta, tifar ta shafi gefen Rina ta tsige madubi da murfin ƙofa, Malama ta sake murɗawa dama. Tayoyin suka yi ƙiiii, hayaƙin roba ya tashi, amma duka huɗun suka tsaya a ƙasa. Rina ba ta kwanta ba, ba ta kife a kan matan nan ba.

Abin da ke gabanta sabuwar kunya ce, wadda jiya ba ta nan, jar ƙasa ɗanya da gungume a ciki. Ba lokacin karkacewa. Ta shige ta kai tsaye da gudu.

Gungumen ya tsaga cikinta tun daga ƙirji har ƙugu. Tukunyar man inji ta fashe. Shokar gaba ta hagu ta huda bonet ta fito waje kamar karyayyen ƙashi. Gilashin gaba ya tarwatse, bel ɗin kujera ya karya wa Malama ƙashin kafaɗa, bakinta ya daki sitiyari. Motar ta tashi sama, ta dira a gonar doya, ta ja ciki tana rushe tuli har ta tsaya. Baƙin mai yana bulbulowa yana bin kwarin kunya. Matan suka rugo da kururuwa suka jawo Malama ta taga, jini ya jiƙe mata gaban riga. Ta ce kada a matsar da ita tukuna. Tana zaune a cikin taɓo ta saurari maganar ƙarshe ta marigayiyar: tik, tik, tik, injin yana hucewa, har ya yi shiru.

Alhaji Kyari ya zo asibiti. Ya tsaya a ƙarshen gado, ya kalli bandejin, ya kalli kumburarren bakin, idonsa ya yi ja.

"Da an ɗaga ta, da ta tsallake," ya ce.

Malama ta tofar da jini a kwano kafin ta iya magana. "Da an ɗaga ta, Yaya, da yanzu kana kan tabarma kana karɓar gaisuwata. Ni da matan mutane."

Ya juya ya fita. Daga baya ya aiko Hajja da tayi: zai ba ta jif ɗinsa ta riƙa zuwa aiki, in har za ta zo gaban dangi ta ce ta yi kuskure. Malama ta ce a gode masa, a kuma gaya masa ba ta yi ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar tayoyi uku masu rai da ɗaya da ta riga ta da daƙiƙa kaɗan. Ta bar safayar taya a but, wadda har yanzu ba a gaya mata ba. Ta bar shoka biyu na baya, lafiyarsu ƙalau, Terungwa ya gwada ya ce tauri yana nan kamar ranar da ya ɗaura. Ta bar jak, da makulli guda, da ɗalibai 'yan mata da suka saba leƙowa ta tagar aji idan sun ji muryarta, wasunsu har sun fara tambayar yadda ake koyon tuƙi. Ta kuma bar mai gonar doya, wanda ya zo duba Malama da doya a hannu, yana ba da haƙuri ana ba shi.

Janwe ya riga ya kawo gawar garejin Terungwa. Ranar Asabar bayan la'asar masu sayen tsohon ƙarfe za su yanka ta da wutar walda, su ɗora a sikeli. Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce, Malama ba ta zauce ba. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin Hajja. Duk wanda ya san abin da zai kawo shi shi ne ya ce ai dama mun faɗa, ya yi zamansa a gida, an yafe.

Malama za ta halarci yankan da kanta, a tsaye. Masu zuwa za su ga babu haƙoranta biyu na gaba, kada su tambaya. Likita ya ce hannunta na hagu ba zai ƙara wuce kafaɗa ba. Yayanta, wanda ya goya ta tana ƙarama, yanzu yana wuce ƙofar ɗakinta ba sallama. Daga ranar Litinin kuma za a same ta a tasha tun da sanyin safiya, tana jiran motar Obi ta cika, su biyu a kujerar gaba, giya tana dukan gwiwarta. Abin da ƙin ɗaga Rina ya ci mata ke nan, ta biya duka, ba ta nemi ragi ba.