Ɗan Gurbin da Na Raina

Ko me zan manta a sana'ata, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a wata makaranta a unguwar Inkil ba. Abin da na shiga da shi ranar: kwamfutoci ashirin, alkawarin wasu arba'in idan waɗannan sun yi kyau, da sunan da na shekara goma sha ɗaya ina ginawa, wai ni ne dillalin da ba a dawo masa da kaya.

Da awon hatsi na fara a kasuwar Muda Lawal kafin na koma sayar da kwamfutoci na hannu, kuma har yau na tsani in ga wuri yana zaman banza. Makarantar ta kuɗi ce, ita ta ba ni aikin. Na shirya kwamfuta ɗaya tsaf, na shiga kwafe faifan ajiyarta zuwa na waɗannan ashirin. A nan na lura faifan gurbi biyu ne: babba mai ɗauke da komai, da wani ɗan mitsitsi. Na ce wannan ƙaiƙayi ne. Na kwafi babban, na bar ƙaramin. Ban kunna ko ɗaya ba (uwar ta tashi lafiya, na ce 'ya'yan ma haka, ga tsadar man janareta).

A ƙofar aji Madam Rifkatu, malamar kwamfuta, ta tare ni. "Alhaji, ka gwada su duka?"

Na ce, "Madam, tun kina sakandare nake wannan harka."

Iyaye sun cika ajin. Mai makarantar ya gama yabona, ya ce in kunna ta farko da hannuna. Na danna. Baƙin allo, da layi ɗaya na Turanci: ba ta sami abin da za ta tashi da shi ba. Ta biyu haka. A ta bakwai na tsaya, na ce wuta ce ba ta da ƙarfi (a kan batir suke, kuma kowa na gani).

Madam ta sa filas ɗinta, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, a ɗaya, ta duba, ta juya ga iyayen, ba ma gare ni ba. "Idan an danna maɓalli, kwamfuta ba ta san inda babbar manhajarta take ba. Takan leƙa faifai ta nemi wani ƙaramin shiri, butloda. Shi ke ɗauko zuciyar manhajar, wadda ake kira kanel, ya ɗora ta a ƙwaƙwalwa, ya miƙa mata ragama. Komai na nan ciki, mai tashinsa ne babu." Sannan ta dube ni. "Alhaji, akwai wani ɗan gurbi a faifan. Ina yake?"

"Na ga ba ya aikin komai."

Wani uba daga bayan aji ya ce, "To, an kawo mana mota babu sitata."

Har azahar tana mayar da gurbin ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina tsaye ina riƙe mata waya. Ba ta gaya min baƙar magana ko ɗaya ba, kuma wannan ya fi min zafi.

Yanzu ko maɓalli na ga ban san aikinsa ba, tambaya nake yi. Amma ga yadda aka tashi: an karɓi ashirin ɗin, arba'in sun tafi wurin maƙwabcina na layi, sunan kuma ya tafi gaba ɗaya, domin Alhaji Gurbi ake ce min yanzu. Abin da na ceto a kowane faifai kuwa, wuri ne da bai isa ɗaukar bidiyon biki ɗaya ba.