Yadda Baffa Sale Ya Rataye Ni a Rumfar Mota

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a a gidan surukaina da ke unguwar Harra ta Yamma a Madina, ranar da aka rataye ni a tsakar gida da rana tsaka, cikina cike da shinkafar Bukhari.

A lokacin ina aiki a filin jirgin sama na Madina, sashen kayan fasinja. Wani hutu muka tafi ƙasar Imarat da abokin aikina, a can na ga mutane suna faɗowa daga jirgi da laima (mu nan mazalla muke ce mata), abin ya shiga raina, na yi rajistar koyo. Sau tara na yi tsalle. A yawancinsu malamai na riƙe da ni ta kowane gefe, kuma akwai rediyo a ƙirjina wani kyaftin yana ce mini ja dama, ja hagu. Laimar ɗalibai aka ba ni, ƙatuwa, mai saukowa a hankali kamar tsohuwa a matakala.

Da na dawo Madina sai taran nan ta fara girma. A wurin aiki ta zama talatin. A majalisar unguwa ta kai tamanin. Kafin a sa ranar aurena da Su'ad ta kai ɗari da hamsin (ni kaina na fara tuna wasu tsalle-tsallen da ban taɓa yi ba).

Ranar da nake ba ku labari, mahaifin Su'ad, Ammi Usman (mu nan haka muke ce wa dattijo, wato baffa), ya gayyace ni cin abinci bayan sallar Juma'a. Na tafi da wani littafin hotunan laimomi da na taho da shi daga can, don na ƙudurta sayen tawa ta kaina kafin hutu na gaba. Da gaske nake. Wata 'yar ƙarama ja na zaɓa, faɗinta bai kai rabin wadda na koya da ita ba, irin wadda gwanaye ke shigowa da ita a guje suna sharar ƙasa. Dalilina kuwa mai ƙarfi ne: ta yi kyau a hoto.

A majalisar gidan akwai ƙanen Ammi Usman, Baffa Sale, wanda ya daɗe a Tabuk yana soja, bai jima da yin ritaya ba. Mutum ne shiru-shiru, ko da yaushe yana gefe da tasbaha. Ban taɓa tambayar aikin da ya yi a sojan ba. A zuciyata na riga na ba shi muƙamin mai tsaron sito.

Bayan an kawo shayi na buɗe littafin na fara wa'azi.

"Manyan nan na 'yan koyo ne, ya Ammi. Mu da muka daɗe a harkar, barci suke sa mu."

Baffa Sale ya miƙo hannu, na ba shi. Ya daɗe yana kallon jar laimar.

"Masha Allah. Tsalle nawa ka yi, ya waladi?"

"Ɗari da hamsin, Baffa."

"Nauyinka fa?"

"Kilo saba'in." (Casa'in da huɗu ne, kuma kafin shinkafa.)

"Ina littafin da ake rubuta maka tsallenka?"

"Na baro shi a can."

Ya gyaɗa kai. "Tayyib. Ina da wani tsohon ɗamari a mota, na atisaye. Zo ka nuna wa tsoho yadda 'yan zamani suke yi."

A nan ya kamata jikina ya ba ni. Me mai tsaron sito yake yi da ɗamarin laima a mota? Amma Ammi Usman ya riga ya miƙe yana murmushi, maƙwabta biyu da suka ci abinci tare da mu su ma sun miƙe.

A tsakar gidan akwai rumfar mota ta ƙarfe. Baffa Sale ya ɗaura igiyoyin ɗamarin a ƙarfen sama, da wani irin sauri. Ɗamarin nan yana bi ta tsakanin cinyoyi ne, ni kuma ina cikin farar jallabiya, dole na tattare ta har ƙugu. Na hau kujera, ya ɗaure ni tam, ya janye kujerar. Sai ga ni ina lilo, ƙafafu a ware, wandon ciki a waje, takalmi ɗaya ya faɗi.

Muryarsa ta canja. Ban san mutumin nan yana da murya haka ba.

"Laima ta buɗe a murɗe! Kana juyawa! Ƙasa tana tahowa! Me za ka yi?"

Ya kama ƙafata ya wulwula ni. Abin da aka koya mini mai sauƙi ne: ka fara jan mariƙin dama don ka rabu da laimar da ta lalace, sannan na hagu don ta ajiya ta buɗe. Ni kuwa na hagun na fizga da dukkan ƙarfina.

"Laimomin biyu sun sarƙe da juna. Ka mutu, Allah ya jiƙanka. Sake!"

Ya sake juya ni. Wannan karon na ja na dama, na tsaya ina jiran yabo.

"Ka yar da laima ba ka buɗe wata ba. Ka sake mutuwa. Yalla!"

A juyi na uku rumfa da katanga da fuskar Ammi Usman duk suka haɗe, shinkafa ta taso mini har maƙogwaro. Na lalubi ƙirjina ina neman rediyon da babu shi, na ƙwala ihu:

"Kyaftin, me zan ja? Kyaftin!"

"Mai ɗari da hamsin yana kiran kyaftin?"

"Tara ne, Baffa! Wallahi tara ne! Ku sauke ni!"

Sai aka ji muryar kakar Su'ad daga tagar bene, da Hausarta ta Kano da shekara hamsin a Madina ba su taɓa ba:

"Kai Sale, layya za a yi ne? In ba yanka shi za ku yi ba ku sauke musu ɗa!"

Sai dariyar mata ta ɓarke a bayan labule. Na gane ta Su'ad a ciki, ita ce ta fi daɗewa.

Baffa Sale ya mayar da kujera, ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen rumfar da ya ɗan lanƙwashe. "Nauyin nan ma ba saba'in ba ne," in ji shi. A lokacin Ammi Usman, yana share hawaye da gefen rawaninsa, ya gaya mini aikin ƙanen nasa: shi ne yake koya wa sojoji saukar laima.

Da muka koma ciki Baffa bai ƙara yi mini dariya ba. Ya zauna kusa da ni, ya ɗage jallabiyarsa ya nuna mini wani dogon tabo daga idon sawu zuwa ƙwauri.

"Na yi tsalle ya fi ɗari uku ranar da na samu wannan. Ƙaramar laima ba ta jiran ka yi tunani, ya waladi. Kai kuma har yanzu tunani kake yi. Ba na son 'yar ɗan'uwana ta yi takaba saboda launi."

Ya karɓi biro ya zagaye wata ƙatuwa mai ruwan ɗorawa a shafin 'yan koyo. Ya ce ko ita kada in saya sai na ƙarasa karatuna, malamaina sun sa hannu.

Auren dai an yi, alhamdu lillahi. Laimar ma na saya bayan shekara biyu, ta hannu, abokaina suna kiranta tantin Mina. Na sauka da ita sau da yawa, kuma kowane karo da ƙafafuna na tako zuwa mota.

Abin da na koya shi ne, in za ka sayi laima, auna kanka a sikeli na gaskiya ka ƙirga tsallenka da yatsu. In kuma ƙaryar ta zama dole, to ka fara tambayar kowane dattijo da ke majalisar aikin da ya yi kafin ritaya.