Shatin Bulala a Haƙarƙarin Ummi

Ranar da 'yata Ummi ta dawo daga makaranta tana kuka, na ɗaga rigarta na ga jan layi a haƙarƙarinta, da ƙuraje masu ruwa. Nan take na yanke hukunci: shatin bulala ne.

Ta ce, "Baba, ba a dake ni ba, zafi kawai yake yi kamar wuta."

Na ce, "Tsoro ne ya hana ki faɗa."

Mahaifiyarta ta roƙe ni mu fara zuwa asibiti, na ƙi. Da safe na fasa zuwa ofis, na dira makarantarsu a Kubwa, na zazzaga wa malamarta masifa a gaban yara har ta yi hawaye.

Da yamma muka kai Ummi asibiti, likita ya duba ya ce, "Oga, ƙwayar cutar ƙarambau ɗin da ta yi tana jaririya ce ta farka. Yana faruwa ko ga lafiyayyen yaro."

Ummi ta daɗe ba ta iya kwanciya ta gefen nan. Malamar kuwa ta saurari ban-haƙurina kanta a sunkuye.

Har yau, ko sauro ya ciji yaro a gidanmu, sai matata ta ce, "Rufe wurin, kada Babanku ya tafi makaranta."