Rasuwar Azumi, Motar Kayan Gwari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da kewa, ni Uwaisu Maiwada na Saulawa, mai dakon kayan gwari tsakanin Ikara da Maƙarfi da Kudan, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motata, Azumi. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan hanyar Kudan, da kwandunan tumatir a bayanta, bayan doguwar jinya.

Cikin watan azumi na sayo ta, shi ya sa ta ci sunan. Ba kyakkyawa ba ce, ƙofarta ma da igiya ake ɗaurewa, amma mai haƙuri ce. Ba ta taɓa ƙin kaya ba, albasa ne ko rake ko buhunan barkono. Ita ta kai mai ɗakina Halimatusa'adiya asibiti a Zariya a ciwonta na ƙarshe, ita kuma ta dawo da mu. Tun daga lokacin kujerar gefena ta zama wayam, yara duk sun watse birni, sai na koma hira da Azumi. Ina magana, tana amsawa da gurnaninta, gar-gar-gar, in mun zo hawa ta yi tari, kuh-kuh, kamar dattijuwa mai neman a saurare ta.

Ciwon ajalinta ya fara da hayaki, ya koma shan baƙin mai, daga baya zafi ya riƙa kama ta ko da sanyin safiya. Bakanikenta Abdulƙadir ya yi iya ƙoƙarinsa. Ranar da injin ya buga, ya leƙa, ya rufe bonet a hankali, ya ce, "Malam Uwaisu, ka bar ta ta huta."

Ta rasu ta bar safaya ɗaya da ta sha faci, da jak, da jarkar ruwa, da rediyon da ba ya kama tasha sai an mare shi. Ta kuma bar ni.

Da yake tumatir ba ya jiran mai makoki, ɗana Salman ya kai ni Kaduna kallon motocin kaya masu aiki da lantarki. Na yi tambayoyina: ko caji ɗaya zai kai ni Kudan ya dawo da ni, ko za ta iya da taɓon damina, ko wutar solar da ƙungiyar manoman tumatir ta kafa a Ikara za ta ishe ta caji. An ba ni amsa mai gamsarwa. Iri biyu aka nuna mini. Babbar ta fi ɗaukar kaya, amma ba za ta shiga hanyoyin gona ba, sai na zaɓi ƙaramar. Da na zauna gwaji, na danna maɓalli, na yi ta jira. Mai sayarwa ya ce, "Baba, ai ta tashi." Ban ji komai ba sai numfashina. Lafiyayyiyar mota ce, ban ga aibinta ba. Shirunta ne ya yi mini yawa.

Yayata Juwairiyya ta Malikanci, wadda idanunta suka daina gani, ita ta fara yi mini ta'aziyya. Tun daga bakin gari take gane ƙarar Azumi, kafin in yi sallama ta shimfiɗa tabarma. Da na ba ta labarin sabuwar, ta ce, "To yanzu ta yaya zan san ka iso?" Na ce zan yi mata hon. Ta ce, "Hon ai na kowa ne."

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar bayan azahar, lokacin da 'yan gwangwan za su zo daga Zariya su ja ta. Ina roƙonsu kada su fara kwance ta a gabana. Zaman makoki kuwa a ƙofar gidana ne, ƙarƙashin darbejiyar da take kwana. Sabuwar za ta iso mako mai zuwa, saboda haka masu zuwa barka su ɗan dakata tukuna. Wanda ya zo gaisuwa ba sai ya kawo komai ba. Akwai shayi, akwai wurin zama. In da hali dai, kada ya yi saurin tafiya.