Burodin Aya na Sagiru

"...ya hanya?"

"Lafiya lau. Au, har yanzu kina nan? Na zaci rabon gadonki zan tarar."

"Sai na binne ka, mijin banza. Me ka ƙunso a leda?"

Sagiru ne, ma'aikacin wani gidan burodi a Kabo, ya zo Gude wurin kakarsa Yelwa. Burodin da ya ƙirƙiro da garin aya ne a ledar. Ranar Asabar ogansu zai ɗanɗana. In ya yi, a fara gasawa. In bai yi ba, Sagiru ya koma aikinsa na ɗaure leda.

Yelwa ta gatsa, ta dafe muƙamuƙi.

"Wayyo! Burodi ne ko bulo? Haƙorin da ya rage min kake nema?"

"Dama na ado ne."

"Mara kunya. Wa ya gasa wannan?"

"Ni kaɗai. Sai kowa ya tashi nake kwaɓawa."

"Duk gidan naku ba wanda ya san wuta?"

"Akwai Dalyop, mutumin Filato. Da tafin hannu yake gane zafin tanda. Amma in na nuna masa haɗin, gobe a ce nasa ne."

"Kwantar da hankalinka. Wannan ko a titi ka yar ba mai ɗauka. Akuyata ma sai ta kai ka ƙara wurin mai unguwa."

Sagiru ya tsura wa ledar ido.

"Tsohuwa, tun da na shiga gidan burodin nan ba wanda ya taɓa ce min sannu da aiki. Wannan kaɗai ne nawa."

Yelwa ta tsoma gutsuren a kokon da take sha, ta jira ya jiƙa, ta tauna a hankali.

"Ɗanɗanon dai akwai shi, wallahi. Ƙamshin aya har hanci."

"Maimaita! Bari in kira maƙwabta su shaida."

"Ban ce komai ba, tari na yi. Kai dai kai wa Dalyop ayarka, ya ba ka wutarsa. In aka ce na ku biyu ne, tsawonka zai ragu? Dama can ba ka da shi."

Sagiru ya tuntsire da dariya.

"Kin ci, tsohuwa, kin ci. Ara min wayarki in kira shi, tawa babu kati."