Laccar da Na Yi a Zaman Makoki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka Malam Sani gaisuwar mutuwa ƙauyen Damri ba. Makaranta ɗaya muke koyarwa a Talata Mafara, ya ce mini 'yar kawunsa ce ta rasu. Ban tambayi abin da ya same ta ba, na zura babbar riga na bi shi.

Muka yi gaisuwa, aka yi addu'a aka shafa. Kun san zaman makoki, in shiru ya yi yawa sai wani ya jawo hira. Wani dattijo ya ce ya ji ana muhawara a rediyo, wai gwamnati ta ɗauki nauyin maganin kowa, ta kuma zuba motoci masu shiga ƙauyuka. Nan fa aka sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. (Ni ko ba a tambaye ni ba ina da amsa, matata ta sha gaya mini.)

Na gyara zama kamar ina gaban allo. Na ce gwamnati ba uwar kowa ba ce, mota ta shigo nan ta ɗauki wa? Ga babura birjik. Sakaci ne kawai ke kashe mutanenmu, wanda ke son ran ɗansa minti nawa ne zuwa asibiti a babur? Malam Sani yana ta zungurina da gwiwar hannu, ni kuwa na ɗauka jinjina mini yake, har na ƙara murya.

Sai mahaifin mamaciyar ya ɗago kai. Bai yi fushi ba, wannan ya fi kashe ni.

"Malam, ai babur ɗin munka hau," in ji shi. "Tana tsakiya, ni ina baya riƙe da ita. Ba mu kai kwalta ba na ji ta saki. Ban hwaɗa ma mai babur ba, na ce ƙara wuta dai, ƙila ni ne ban iya ji ba."

Kunya da baƙin ciki suka haɗe mini, na rasa inda zan sa fuskata. Aka kawo fura, mahaifin nata ya tura mini ƙwaryar da hannunsa ya ce, "Sha, Malam, ka yi magana da yawa."

Na sha, hawaye na ɗiga a ciki. Tun daga ranar, in na je ta'aziyya ilimina a gida nake barinsa. "Allah ya jiƙan rai" ta ishe ni, ita ma a hankali nake faɗinta.